Riset a taimar PLC: ta IN, ta ƙafar R, ko ta umarni na daban?

Duk mai rubuta furogiram ɗin PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa injuna a masana'anta, yakan iso wannan mararraba. Yana da taima a gabansa, wato umarnin da ke ƙirga lokaci, yana son ta koma sifili a wani lokaci, sai ya tarar hanyar yin haka ba ɗaya ba ce. Akwai taimar da ba ta da ƙafar riset kwata-kwata, wato mashigar R da ke mayar da ƙirga sifili, da zarar an yanke mata sigina ta manta abin da ta ƙirga. Akwai mai ƙafar R a jikinta. Akwai wadda sai an kawo wani umarni a wani layi daban kafin ta goge. Akwai tsofaffin taimomin Siemens masu S da R, akwai kuma wadda mutum zai haɗa da hannunsa. Dukkansu suna ƙirga lokaci daidai gwargwado. Inda suka rabu shi ne abin da ke sa su mantawa, da abin da suke yi bayan sun manta, kuma a nan ne inji ke lalacewa ko ƙararrawa ta yi shiru a ranar da ake bukatarta.

Tushen bambancin yana cikin ƙa'idar IEC 61131-3, wadda aka fara fitarwa a 1993. Ta tanadi taima uku: TON mai jinkirta kunnawa, TOF mai jinkirta kashewa, da TP mai ba da bugu na ƙayyadadden lokaci. Kowacce tana da mashiga biyu, IN da PT, da mafita biyu, Q da ET. IN shi ne siginar da ke sarrafa ta, Q shi ne amsar da take fitarwa, 0 ko 1. PT shi ne lokacin da aka sa mata, ET kuma wanda ta riga ta ƙirga. Babu R a ciki. Saboda haka duk ƙafar riset da ka gani a jikin taima, ƙari ne daga kamfanin da ya ƙera PLC ɗin, kuma kowane kamfani da irin ɗinkinsa.

Ma'aunin da za a ɗora su a kai

Kafin a taɓa kowace, ga abin da ya kamata mutum ya tambaya. Me ke goge ƙirgar: faɗuwar IN, ko sai an ba da riset da gangan? Idan IN da riset duk suna kan 1 a lokaci guda, wa ke rinjaye? Idan aka saki riset alhali sharaɗin yana nan, taimar za ta tashi da kanta, ko sai sigina ta faɗi ta sake tashi? Wannan ta uku ita ce aka fi mantawa, ita ce kuma mafi haɗari. Sai ɗorewa: me zai rage idan wuta ta ɗauke ko aka kai CPU zuwa STOP aka dawo? Sai tsada, wadda a nan ba kuɗin saye ba ne, domin duk umarnin nan suna zuwa ne tare da manhajar rubuta furogiram. Tsadarsu ita ce memorin da suke ci da lokacin da injiniya zai ɓata wajen rubutawa da gwaji. Na ƙarshe, sauƙin karantawa ga wanda zai zo gyara da tsakar dare, wanda ba shi ya rubuta ba.

TON da ake gogewa ta hanyar IN

Wannan ita ce mafi sauƙi, kuma a ganina da ita ya kamata a fara tunani kullum. Ɗauki famfo mai sensar matsin ruwa. Ana son ƙararrawa idan moto yana aiki amma matsi ya tsaya a ƙasa na daƙiƙa 5 a jere. Sai a haɗa sharaɗin a kan IN: moto yana aiki, matsi yana ƙasa, ba a danna riset ba. Idan matsin ya dawo a daƙiƙa ta 4, ET ya koma sifili nan take, babu wanda ya ce masa ya koma. Idan aka danna riset, IN ya faɗi, Q ya mutu. Idan aka saki maɓallin kuma matsalar tana nan, IN ya sake tashi, bayan daƙiƙa 5 ƙararrawar ta dawo. Abin da ake so ke nan: riset ba ya ɓoye matsalar da ba a gyara ba.

Duk abin da ke tafiyar da taimar yana kan layi ɗaya, ido yana ganinsa a kallo guda. Tana nan a Siemens, da Rockwell, da CODESYS, da sauransu, don haka idan aka canza PLC ba a sake tunani daga farko. Memorin da take ci kaɗan ne: bayit 16 a S7-1200 na Siemens, bayit 12 a Logix na Rockwell. Ba ta riƙe komai bayan ɗaukewar wuta, kuma ga irin aikinta wannan alheri ne.

Tarkonta guda biyu ne, kuma na farkon yana cin ƙwararru ma. Taima ba ta sanin IN ya faɗi sai an kira ta alhali yana kan 0. A ce an rubuta jerin matakai da CASE, umarnin da ke gudanar da matakin da ake kai kaɗai, aka sa kiran taimar a cikin mataki na 20 kaɗai, da IN a kan TRUE. Lokaci ya cika, Q ya tashi, furogiram ya wuce mataki na 30. Daga nan ba a sake kiran taimar ba, don haka ba ta taɓa ganin IN a kan 0 ba. Da zagayen aiki ya dawo mataki na 20, sai a tarar Q yana nan a kunne tun wancan karon, inji ya tsallake jiran gaba ɗaya. Zagayen farko lafiya lau, na biyu ne ke ɓarna, shi ya sa gwajin gaggawa ba ya kama shi. Maganinsa a fitar da kiran taimar waje da CASE, a kira ta a kowane zagayen sikan, wato duk lokacin da PLC ya karanta furogiram daga farko zuwa ƙarshe, a sa IN ya zama sharaɗin cewa mataki yana kan 20. Haka abin yake idan taimar tana cikin IF, ko cikin layukan da JMP ke tsallakewa.

Na biyu, sensa mai rawa. Idan siginar tana faɗuwa na ɗan ƙiftawa kowace daƙiƙa 2, TON mai daƙiƙa 5 ba za ta taɓa cika ba, ko da famfon yana shan wahala tun safe. A irin wannan hali sai a tace siginar tukuna da gajeriyar TOF, ko a koma ga taima mai tarawa.

Akwai kuma masu sa TON ta goge kanta don samun bugu a kai a kai, ta hanyar mayar da kishiyar Q zuwa IN. Yana aiki, amma kowane bugu yana ƙara tsawon zagayen sikan a kan PT. Idan PT milisakan 100 ne, sikan kuma milisakan 10, ƙarin ba ƙarami ba ne, kuma yana taruwa. Don walƙiyar fitila babu laifi. Don lissafin yawan ruwan da ya wuce, a nemi agogon CPU ko shirin da ke gudana a ƙayyadadden lokaci.

Taima mai tarawa da ƙafar R a jikinta

Wani aikin yana bukatar taimar ta tuna. Bel ɗin jigilar kaya da ake son a zuba wa giris bayan awa 8 na aiki ba ya yin awa 8 a jere, yana tashi yana tsayawa duk yini. TON za ta riƙa komawa sifili a kowace tsayawa. A nan ake kawo TONR ta Siemens, ko RTOR ta Rockwell, ko TTIM ta Omron. Idan IN ya faɗi, ET ya tsaya inda yake, idan ya dawo ta ci gaba daga nan. Da ta kai PT, Q ya tashi ya zauna, ko IN ya faɗi bai sauka ba, sai R ta zo. R ce ke rinjaye: muddin tana kan 1, ƙirga tana kan sifili, komai IN ke cewa.

Wannan rinjayen shi ne ƙarfinta, shi ne kuma inda take cizo. R tana kallon matakin sigina ne, ba tashinta ba. A ce maɓallin riset yana kan allon HMI, wato allon da ofareta ke sarrafa inji da shi, irin wanda ke sa bit a kan 1 idan an danna, ya mayar da shi 0 idan an saki. Ofareta ya danna, sadarwa ta yanke kafin saƙon sakin ya isa, bit ya maƙale a kan 1. Taimar ba za ta sake ƙirga ko milisakan ɗaya ba, kuma babu ƙararrawar da za ta faɗa maka, domin a idon furogiram komai daidai yake. Sai ranar da boris ya ƙone za a gane an daɗe ba a zuba giris ba. Ina ganin kada a taɓa haɗa bit ɗin HMI kai tsaye da R. A ratsa da shi ta R_TRIG, umarnin da ke kama tashin sigina kaɗai, don riset ya zama na zagaye ɗaya tak, ko a bar allon ya kunna bit ɗin kawai, PLC ya kashe shi da kansa bayan ya yi aiki da shi.

Batun ɗorewa ma yana son kulawa. Tunawa bayan faɗuwar IN daban, tunawa bayan ɗaukewar wuta daban. A S7-1200 sai an ajiye bayanan taimar a ɓangaren memori mai riƙewa kafin ƙirgar ta tsallake ɗaukewar wuta, ba ta zuwa a haka da kanta. Sannan akwai iyaka: nau'in TIME yana ƙirga milisakan ne a bit 32, ƙarshensa kwana 24 da awa 20 da minti 31 da 'yan daƙiƙoƙi. Lokacin canza mai na awa 2000 ya haura kwana 83, ba zai shiga ba. S7-1500 tana da LTIME mai bit 64 wanda ya kawar da wannan iyaka.

Wanda ke aiki da kamfanonin biyu ya lura da abu ɗaya: TONR ta Rockwell ba mai tarawa ba ce. TON ce ta yau da kullum da aka ƙara wa ƙafar riset, tana gogewa idan aka yanke mata sigina. Takwarar TONR ta Siemens a wajen Rockwell ita ce RTOR, ko RTO a zanen tsani, wato salon rubuta furogiram layi-layi kamar matakan tsani. Wanda ya kwafi furogiram daga wannan zuwa wancan yana bin suna kawai zai samu taimar da ba ta tara komai.

Umarnin riset na daban: RES, RT, RST

A zanen tsani na Rockwell, RTO ba ta da ƙafar riset. Ana kawo RES a wani layi, a ba shi sunan taimar, shi kuma ya goge ACC, wato lokacin da ta ƙirga, tare da bit ɗin da ke nuna halinta: EN, TT, da DN mai nuna lokaci ya cika. Siemens tana da RT mai irin wannan aiki ga taimomin IEC, Mitsubishi kuma tana goge taimominta masu tarawa da RST. Amfanin hanyar a fili yake: ana iya goge taima daga duk inda ake so, daga matakin ƙarshe na aiki, daga shirin kula da matsala, daga farkon sabon kaya. A Logix ƙirgar RTO tana zama a ACC ko CPU ya fita daga RUN ya dawo, abin da TON ba ta yi.

Wannan 'yancin ne tsadarta. Wanda ya buɗe layin taimar ba zai ga abin da ke goge ta ba sai ya bi jerin wuraren da aka ambaci sunanta. Idan RES uku ne a shirye-shirye uku, gano wanda ya goge ta a wani dare aiki ne babba.

Jerin layuka ma yana da tasiri, domin PLC yana karanta su daga sama zuwa ƙasa. A ce RTO tana layi na 10, RES da DN ke kunnawa yana layi na 11, bawul ɗin giris da ke jiran DN kuma yana layi na 40. Lokaci ya cika, DN ya tashi a layi na 10, layi na 11 ya kashe shi nan take, layi na 40 bai taɓa ganinsa ba. Taimar tana cika tana gogewa, bawul bai motsa ko sau ɗaya ba, kuma a allon kwamfuta ba za ka ga DN ya yi kore ba saboda gajartar lokacin. Mayar da RES ƙasa da layi na 40, ko sama da layi na 10, sai DN ya rayu har kowa ya gan shi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a ajiye RES guda ɗaya ga kowace taima, a tara duk dalilan gogewa a kan layinsa.

Tsofaffin taimomin S5

Wanda ya gaji inji mai S7-300 ko S7-400 zai haɗu da taimomin Siemens da ake kira S5: S_ODT, S_ODTS, S_PULSE, S_PEXT da S_OFFDT. Kowacce tana da S mai tayar da ita, da TV na lokaci, da R a jikinta. Kalma ɗaya ta bit 16 kowacce ke ci, amma adadinsu ƙayyadadde ne gwargwadon CPU, kuma lambarsu ta kowa ce: idan mutum biyu suka ɗauki T5 a wurare biyu, sai rikici. Iyakarsu daƙiƙa 9990, wato awa 2 da minti 46 da daƙiƙa 30, kuma a wannan tsawon suna tafiya ne da takun daƙiƙa 10. S7-1200 ba ta da su.

Halinsu bayan riset ne abin lura. Ba sa fara ƙirga sai sun ga S ta tashi daga 0 zuwa 1, ban da S_OFFDT da ke farawa idan S ta faɗi. Koma ga famfon ɗazu da S_ODT: matsi yana ƙasa, ƙararrawa ta kaɗa, ofareta ya danna riset a kan R. Taimar ta goge. Matsin yana nan a ƙasa, S tana nan a kan 1, babu sabon tashi, don haka ƙararrawar ba za ta dawo ba. Idan dole ne a zauna da S_ODT a irin wannan wuri, a sa riset ya yanke S ɗin ma. S_ODTS kuwa riƙewarta ta wani fanni ce: bugu ɗaya a S ya isa ta ƙirga har ƙarshe, Q ya zauna sai R ta zo, amma ba ta tara lokaci guntu-guntu kamar TONR. A sabon aiki ban ga dalilin ɗaukar su ba.

Wadda ka haɗa da kanka

Bugun daƙiƙa ɗaya daga agogon CPU, a kama tashinsa, a ƙara 1 a kan DINT, wato lamba mai bit 32, mai riƙewa muddin moto yana aiki. DINT na daƙiƙoƙi yana kaiwa kusan shekara 68. Riset yadda ka rubuta shi haka zai kasance, har kana iya adana tsohuwar ƙirga da ranar gogewa kafin a mayar da ita sifili, abin da masu gyara ke jin daɗinsa. Kuskurenta na iya kaiwa daƙiƙa ɗaya a kowane tashi da tsayawa, don haka ba ta gajeren lokaci ba ce. Ita ce ta fi cin lokacin gwaji.

TOF da TP, inda lissafin ke juyawa

A TOF, faɗuwar IN ita ce ke fara ƙirga, don haka dabarar yanke IN ba ta goge ta. Fankar sanyaya moto da ke ci gaba da juyawa minti 3 bayan moto ya tsaya misali ce. Idan kana son riset ya tsayar da fankar nan take, toshe Q da kishiyar riset ba ya wadatarwa: da zarar an saki maɓallin, in lokacin bai ƙare ba, fankar ta sake tashi, wataƙila hannun wani yana kusa. Littafin Rockwell ya yi gargaɗi ƙarara kada a yi amfani da RES a kan TOF. Abin da suka tanada shi ne TOFR, wadda riset ɗinta ke kashe DN ya kai ACC daidai da PRE, wato lokacin da aka sa mata, kamar lokacin ya cika. A Siemens akwai RT, ƙaramar PLC ɗinsu LOGO! kuma taimarta mai jinkirta kashewa tana da R a jiki. Inda babu ko ɗaya, a gina ta da TON da makulli, wato bit mai riƙe kansa, wanda ke fifita riset. TP ita ma ba ta sauraren IN har sai bugunta ya ƙare, don haka hanyoyin nan ne dai mafita.

| Hanya | Me ke gogewa | Bayan sakin riset | Ɗaukewar wuta | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|
| TON ta IN | Faɗuwar IN | Tana tashi da kanta | Tana mantawa | Rashin kiranta a kowane zagaye |
| Mai tarawa da R | R kaɗai | Tana farawa daga sifili idan IN yana kan 1 | Sai an tanadi memori mai riƙewa | R ta maƙale a kan 1 |
| RTO da RES | Umarni a wani layi | Tana farawa daga sifili idan layin yana kunne | ACC yana zama | Jerin layuka da yawan RES |
| S5 | R, ko faɗuwar S a wasu | Sai S ta sake tashi | Ya danganta da saitin CPU | Ƙararrawa ba ta dawowa |
| Haɗin hannu | Yadda aka rubuta | Yadda aka rubuta | Tana riƙewa idan an saita | Kuskuren mai rubutu |

Wacce ga wane aiki

Idan abin da kake aunawa dole ne ya faru a jere, kamar jinkirin ƙararrawa, tace sigina, jira tsakanin matakai, ko sauyin moto daga sta zuwa delta, ɗauki TON, ka sa riset a kan IN, ka kira ta a kowane zagaye. Mafi yawan taimomin kowane inji a nan suke.

Idan lokacin yana taruwa guntu-guntu kuma bai wuce kwanaki ba, kamar giris, wanke filta, ko jimillar lokacin gauraya da aka katse aka ci gaba, ɗauki mai tarawa da R a jiki, da riset na zagaye ɗaya. Idan tsanin Rockwell kake rubutawa, RTO da RES guda ɗaya tak, a layin da ke ƙasa da duk masu karanta DN. Awannin aikin inji na watanni da shekaru kuwa na haɗin hannu ne, ko LTIME inda akwai shi.

Tsohon inji mai taimomin S5 da ke aiki lafiya, a bar shi, amma a bi duk inda aka haɗa maɓallin ofareta da R a duba ko matsalar da ba a gyara ba tana sake kaɗa ƙararrawa. Ga fanka, famfon mai, da duk abin da ke ci gaba da motsi bayan an kashe inji, a nemi TOF mai riset na gaskiya, kada a tsaya ga toshe mafita.

Inda jinkirin ya shafi ran mutum, kamar buɗe ƙofar kariya bayan inji ya gama juyawa, babu ɗaya daga cikin waɗannan da ta isa. Wannan aikin rilen tsaro ne ko PLC na tsaro, kuma ISO 13849-1 ta shar'anta cewa riset na hannu ba zai tayar da motsi da kansa ba, sai an ba da umarnin tashi daban.